Akwatin da Ke Kashe Mana Ruwa

A shekarun da aka karya turakun wutar da ke shigowa Maiduguri, muna zaune a Mairi, a wani gidan haya mai ɗakuna jere da juna da bishiyar dogonyaro a tsakar gida. Ina koyarwa a firamare. Mijina direba ne, ya fi kwana a hanya fiye da gida. Tare da mu akwai kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya baro Konduga da rigar jikinsa da buta. Matarsa ta rasu kafin tashin hankalin. Ɗansa kuwa an tare shi da wasu a hanyar gona an shiga da su daji, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Ko yana raye, ko ya mutu, ko ya zama irin waɗanda suka ɗauke shi, Allah kaɗai ya sani.

Kawu manomi ne, manomin da aka raba da gona kuwa ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya so ya riƙa bin masu zuwa yankan shinkafa a Zabarmari, inda ake kashe manoma, na ce sai dai ya taka ni ya wuce. Muna cikin wannan ja-in-ja wata ƙungiyar agaji ta haƙa wa unguwarmu rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Suka kafa tanki a sama, suka jera farantan sola, suka kewaye wani lungu da bulo suka kafe akwatin ƙarfe a ciki, wanda shi ke ba famfon umarnin ya ja ruwa ko ya tsaya. Bulama, wato mai unguwarmu, ya duba ya ga Kawu dattijo ne marar hayaniya, sai ya danƙa masa makullin. Masu aikin suka ja masa kunne cewa ya share farantan, ya tsare wurin, amma kada ya kuskura ya taɓa wani maɓalli. Daga nan suka tattara kayansu suka tafi, ba mu sake ganin ƙeyarsu ba.

Ban taɓa ganin mutum ya riƙe aiki kamar yadda Kawu ya riƙe wannan ba. Kafin rana ta fito ya goge farantan da tsumma. Ya san jarkar kowa, ya san wacce take da goyo a bar ta ta fara ɗiba. Ya daina zancen Zabarmari, har ya fara ƙiba.

Da bazara ta kama sai ruwan ya fara ɗaukewa. Ba kullum ba, kuma ba da hadari ba. Rana tana tsaka, farantan suna shan haske iya shansu, sai ka ji ƙugin famfon ya yanke, wata jar fitila ta kunnu a jikin akwatin. Shi ke nan sai washegari da safe ya tashi da kansa kamar ba abin da ya faru. Aka kirawo mai gyaran sola daga kasuwa, ya auna wayoyi ya ce lafiyarsu lau. Aka kirawo wani, ya zauna a gindin akwatin yini guda, ranar kuwa famfon bai ko yi tari ba. Aka buga wa masu sayar da shi waya, suka ce injiniyansu ba ya zuwa Borno.

A garin da hankali yake kwance, da sai a ce inji ne ya lalace. Mu a lokacin ba abin da ke lalacewa da kansa, sai an nemo wanda ya lalata shi. Wata ta ce ta lura duk ranar da ruwa zai ɗauke sai Kawu ya shiga lungun akwatin ya fito tukuna. Wata ta ce ita ma ta gani. Kafin a jima zancen ya yi ƙafa: wai yana kashe ruwan ne don layin masu ɗiba ya watse, unguwa ta yi tsit da rana, baƙi su shigo ba idon kowa. Wai ai ɗansa yana daji. Na ji wannan da kunnena a bakin wata mata da na koya wa 'ya'yanta karatu, na kuwa wanke ta tas a gaban jama'a, ban rage mata komai ba. Na dawo gida ina huci, ina jin na yi nasara, alhali ƙara wa wutar itace na yi.

Samarin unguwa masu sintiri da gora suka kai maganar gaban Bulama. Ba zan zage su ba, don sun tsare mu a lokacin da ba mai tsare mu. Amma kowa ya san abin da ake nufi in sun ce za su kai mutum ya amsa tambayoyi, kuma kowa ya san mutanen da aka kai ba su dawo ba. Bulama mutumin kirki ne mai tsoron Allah da tsoron samari. Ya kira ni gefe ya ce ya roƙe su su dakata zuwa Juma'a. In an samo dalilin ɗaukewar ruwan, to. In ba a samo ba, zai karɓi makulli, kuma abin da zai biyo baya ba ya hannunsa.

A nan Malama ta shigo maganar. Ɗakinta yana kallon namu. 'Yar kudancin Borno ce, mahaifinta mai wa'azi ne a coci, ita kuma tana koyar da ilimin kwamfuta a jami'a. Siririya ce mai tabarau, ba ta shiga hirar tsakar gida, shi ya sa da farko na ɗauka girman kai ne. Daga baya na gane ita dai ba ta faɗin abin da ba ta tabbatar ba, wannan kuwa ya rage mata abin faɗi ƙwarai a gida irin namu. Ban da koyarwa tana wani aiki ta intanet. Ta taɓa gaya mini akwai wata irin yarjejeniya da ake rubutawa a matsayin manhaja, wadda ke zartar da kanta ba alƙali ba shaida, kuma in an sake ta ba a iya gyara ta. Aikinta shi ne ta binciko ɓarakar da ke ciki kafin ɓarawo ya riga ta. Nakan tsokane ta in ce, ke da ba ki da wutar cajin waya, ke ce mai gadin dukiyar mutanen ƙasashen waje. Sai ta yi murmushi ta gyara tabarau.

Ranar da na dawo daga wurin Bulama ta same ni a bakin murhu ina kuka ina ɗora wa hayaƙi laifi. Ta zauna a kan turmi ta saurare ni har na gama. Ba ta ce in yi haƙuri ba.

Ta ce, "Jar fitila kika ce? Ba mutuwa yake yi gaba ɗaya ba?"

Na ce jar fitila, kowa ya gan ta.

Ta ce, "To ba lalacewa yake yi ba. Shawara yake yankewa. Akwai wani wuri a cikin manhajarsa da aka rubuta cewa in kaza ya faru, ka tsaya. Sai mu nemo kazan."

Da yamma ta sa Kawu ya buɗe mata lungun. Ta durƙusa ta gaishe shi da "Wushe, Baba," don ta iya Barbarci daidai na gaisuwa. Ta kwafi lambobin da ke jikin akwatin, ta dawo ta laluba shafin kamfanin da ya ƙera shi, ta sauko da manhajar da suke sa wa irin wannan akwatin. Ta nuna mini a fuskar kwamfutarta. Ban ga komai ba sai lambobi da haruffa cunkushe kamar tururuwa. Ta ce abin da mutum ya rubuta da hannunsa yana wurin kamfanin, ba za su bayar ba. Wannan an riga an niƙa shi ya koma abin da inji kaɗai yake ci, kuma daga gari ba a komawa tsaba. Na ce to ashe mun yi asara. Ta ce a'a, ba a komawa tsaba, amma ana iya bin sa.

Na tambaye ta me ya bambanta ta da masu gyaran da suka zo suka kasa. Amsar da ta ba ni har yau ina amfani da ita a aji in ina so yara su gane bambancin gwaji da tunani.

Ta ce, "Ki ɗauka manhajar nan gari ne mai shingaye irin namu. A kowane shinge ana tambaya. Kana da katin shaida? Bi nan. Ba ka da shi? Bi can. Mai gyaran da ya zauna yini guda, mutum ɗaya ya aika cikin garin, ya bi hanya ɗaya ya fita lafiya, sai ya ce gari lafiya. Ni ba mutum zan aika ba. Wane zan aika."

Na ce wane ne wane.

Ta ce, "Ba kowa ba ne, kuma kowa ne. Maimakon in ce wa akwatin zafi kaza ne, hasken rana kaza ne, sai in ce masa zafi wane ne, haske wane ne. In ya iso shinge aka yi tambaya, sai ya rabu biyu, ɗaya ya bi hanyar e, ɗaya ya bi hanyar a'a, kowanne yana riƙe da sharaɗin da ya wuce da shi. Haka za su yi ta rabuwa. Wanda ya isa wurin jar fitila, sai in tare shi in ce, faɗa mini sharuɗɗan da ka bi. Akwai wata manhajar lissafi da zan miƙa wa sharuɗɗan, ita za ta ce mini ga ainihin zafin da hasken da za su kai mutum nan."

Na ce ashe abin mai sauƙi ne. Ta yi dariya, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce wane yana haihuwa fiye da ƙwari. Biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, kafin ki ankara sun cika kwamfutar ta shaƙe.

Haka kuwa aka yi. Ta kunna aikin, kwamfutar ta yi ta huci kamar mai zazzaɓi, kafin a kai ko'ina batir ya mutu, komai ya zube. Ta ɗauke ta zuwa rumfar mai cajin waya da ke bakin titi, inda janareta ke ruri, ta zauna a benci cikin samari da hayaƙin mai, da gyalenta a kan fuskar kwamfutar don rana. Nan ma wanen suka yi yawa, aikin ya cije. Na je kai mata ruwan sanyi na tarar tana rubuce-rubuce a bayan takardar jarrabawar ɗalibanta. Ta ce tana yanke hanyoyin da ba ruwanmu da su ne, na harshen da allon akwatin ke nunawa, na agogo, na sadarwa, don wane ya daina yawo a unguwannin da ba a aike shi ba. Ni a raina na fara cewa wannan boko ba zai kai mu Juma'a ba. Na ma fara tunanin in sa Kawu a motar mijina a fitar da shi gari, sai dai na san gudu shi ne amsa laifi, kuma shingen farko za a sauke shi.

Abin da ya fi burge ni da ita a kwanakin nan shi ne ba ta taɓa ce mini Kawu ba shi da laifi ba. Na matsa mata ta faɗa, don ina bukatar in ji daga bakin wani. Ta ce, "Ina ganin Baba mutumin kirki ne. Amma abin da nake gani ba shi zan kai gaban Bulama ba." Na ji haushinta sosai a ranar. Yanzu na san da ta biye mini, da maganarta ba ta fi tawa nauyi ba.

Ranar Laraba da hantsi ta leƙo ɗakinmu ta ce in kira mata Kawu. Muka zauna a gindin dogonyaro. Ta ce hanyoyi uku ne suke kaiwa ga jar fitila. Ɗaya in rijiya ta ƙafe, ɗaya in wuta ta yi yawa, kuma ta duba duka biyun ba su ne ba. Ta ukun ce ta ɗaure mata kai. Akwatin yana auna zafin jikinsa a kai a kai, yana ɗebe awon baya daga na yanzu don ya ga ko zafi yana hawa da sauri, alamar gobara. Wanda ya rubuta manhajar ya bar ɗan sarari don saukar zafi a hankali, irin ta yamma. Amma in akwatin ya yi zafi ƙwarai, sannan ya huce farat ɗaya, lissafin sai ya faɗa ƙasa da sifili, ma'ajin lambar kuwa bai san ƙasa da sifili ba. Ta ce kamar mitar tafiyar mota ce, in ka juya ta baya daga sifili sai ta nuna maka tara-tara har ƙarshe. Akwatin sai ya ga wata ƙatuwar lamba, ya ɗauka yana ci da wuta, ya kashe famfo ya kulle kansa.

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Lissafi ya ce sanyi ne yake kashe shi. Na yi ta neman inda na yi kuskure ban samu ba. Me zai sanyaya ƙarfe farat ɗaya da tsakar rana a Maiduguri, a bazara?"

Sai Kawu ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Feronyi, buhu ne." Feronyi, wato 'yata.

Ya ce duk ranar da ya taɓa akwatin ya ji yana ƙona hannu, sai tausayinsa ya kama shi. Sai ya jiƙa buhun algarara da ruwan da ke fitowa daga ƙasa mai sanyi, ya lulluɓa masa, kamar yadda ake yi wa randa, ya ƙara yayyafa ruwa a kai, ya tafi sallar azahar. In ya dawo ya tarar ruwa ya ɗauke, sai ya ce zafi ya riga shi, gobe zai jiƙa da wuri. Ya ce an hana shi taɓa maɓalli, bai taɓa ba. Ba wanda ya hana shi buhu.

Garin neman gira za mu rasa ido, ga shi mun tono da hannunmu cewa shi ne. Nan take na ce maganar nan ta tsaya a gindin bishiyar nan. Kawu ya daina sa buhu, ruwa ya daina ɗaukewa, Malama ta ce wa Bulama ta gyara wani abu a ciki, shi ke nan.

Malama ta ce ba za ta faɗi haka ba, don ba ta gyara komai ba. Na taso mata da faɗa. Na ce ita ba ta da abin asara, ba kawunta ba ne, gaskiyarta ta boko za ta sa a ɗauke tsoho. Na faɗi maganganun da suka fi haka zafi. Ta bar ni na sauke duka.

Sannan ta ce, "In ruwa ya daina ɗaukewa a makon da aka yi wa Baba barazana, me za su ce?"

Ni ma na san amsar.

Ta ce, "Za su ce ya ji tsoro ya daina. Makullin zai iya zama a hannunsa, amma zargin yana nan, yana jiran ranar da wani abu zai faru a unguwa. Ni so nake su ga ruwan ya ɗauke a hannun wani, Baba yana tsaye nesa."

Ta juya wurin Kawu ta ce, "Baba, kai za ka zaɓa. In ka ce a'a, ba zan faɗa wa kowa ba, amma ba zan yi ƙarya ba." Kawu ya ce a yi yadda ta ce.

Ta je wurin Bulama da kanta ta roƙi a taru a bakin rijiya ranar Alhamis in rana ta take. Aka taru kuwa, mata da jarkoki, dattawa a inuwar tanki, samari da gorarsu. Zafin ranar har ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin silifa. Famfo yana ƙugi, ruwa yana zuba. Kawu yana tsaye can gefe kusa da Bulama, gumi yana tsiyaya daga gemunsa.

Malama ba ta yi dogon bayani ba. Ta kira shugaban samarin, wani dogo mai tabo a goshi wanda ya fi kowa zafi a maganar, ta ce ya taɓa akwatin. Ya taɓa ya janye hannu. Ta miƙa masa buhu ta ce ya jiƙa a famfo ya lulluɓa da hannunsa, ya ƙara ruwa a kai. Ta ce, "Ba zan taɓa komai ba, Baba ma ba zai matso ba. Kafin buhun nan ya bushe, famfo zai tsaya, jar fitila za ta kunnu." Ta koma ta tsaya cikin mata ta harɗe hannu.

Ya yi yadda ta ce yana murmushin raini. Ruwa yana ta zuba. Wani ya yi tsaki, wani ya ce ana ɓata mana lokaci. Ni na kasa kallon akwatin, sai na kalli fuskar Malama, ban ga komai a cikinta ba. Na karanta duk addu'ar da na sani. Sai ƙugin ya yanke, ruwan ya tsinke ya koma ɗigo. Dogon ya ɗaga gefen buhun, ga jar fitila.

Gani ya kori ji, amma bai kori kowa ba. Daga baya wata murya ta ce, "To ai shi ne ke nan. Shi yake sa buhun."

Malama ta ce, "Shi ne. Ya faɗa da bakinsa tun kafin a tambaye shi. An kafe akwatin nan a rana, alhali takardarsa ta ce a sa shi a inuwa. Baba ya ji yana ƙuna, ya yi masa abin da kowaccenku take yi wa randarta. Ni da na karanta abin nan ban san buhu zai kashe shi ba sai jiya. Wanda ya ƙera shi ma bai sani ba, da ya sani da ya gyara. In akwai wanda ya sani a nan kafin yau, ya fito ya faɗa."

Ba wanda ya fito. Ta shiga lungun ta sauke wani maɓalli, ta jira kaɗan ta mayar, famfo ya tashi. Ta nuna wa Kawu da dogon yadda ake yi, su biyu tare. Bulama ya gyara murya ya ce samari su kafa rumfar zana a kan akwatin kafin la'asar, makulli kuma yana inda yake. Dogon bai ba da haƙuri ba, irinsu ba sa bayarwa. Amma ya tsaya gaban Kawu ya ce, "Baba, ina za mu samo zana?" Kawu ya gaya masa.

A hanyar gida na riƙe hannun Malama, na ji shi sanyi ƙalau duk da zafin nan. Na ce ashe ke ma kin ji tsoro. Ta ce, "Lissafi ya ce zai tsaya. Amma lissafin a kan manhajar da na sauko da ita na yi shi, ban da tabbacin ita ce sak a cikin akwatin. Tun da yaron nan ya lulluɓa buhun nake addu'a." Na ce me ya sa ba ta gaya mini ba. Ta ce ta gaya wa Baba jiya da yamma, don shi ne zai ɗauki abin in ya ɓaci, kuma ya ce a ci gaba.

Na sha ganin masu ilimi, na kuma sha ganin masu kirki. A wurinta na fara ganin mutum ya ɗauki ilimin da yake tsare dukiyar waɗanda bai taɓa gani ba, ya zauna da shi a rumfar mai caji saboda wani tsoho da ba danginsa ba, ba addininsu ɗaya ba, kuma bai yarda ya ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya tabbatar ba. Daga baya ta rubuta wa kamfanin ta bayyana musu kuskuren dalla-dalla. Ban san ko sun amsa ba.

Da muka shiga gida na kawo wa Kawu ruwa a kwano. Ya zauna a bakin ƙofarsa ya sha, sannan ya cire babbar rigarsa. A ƙarƙashinta akwai wata riga. Ya cire ta, akwai wata kuma, sannan rigar sanyi ta ulu, duk sun jiƙe sharkaf. Wando biyu ne a jikinsa. Daga aljihun na ciki ya zaro maganinsa na hawan jini ƙulle a leda, da carbinsa, ya ajiye a kan tabarma.

Na ce, "Kawu, a wannan zafin?"

Ya ce ya ji waɗanda ake kaiwa can amsa tambayoyi, da kayan jikinsu kaɗai ake barin su, kuma an ce da dare akwai sanyi a kan siminti.

Malama tana tsaye a ƙofar ɗakinta, ta gani, ta shige ciki ta saki labule. Ni na kwashi rigunan na kai bakin baho, na zauna ban iya fara wankin ba. Kawu ya sa riga ɗaya marar nauyi, ya ɗauki makulli ya ce bari ya je, yaran nan ba su iya ɗaurin zana ba.